Saniyar Takarda ta Goggo Barira

Nazifa ta dawo garin Waca daga Magariya a bayan babur, rungume da buhun tsofaffin kaye, wato littattafan rubutu na 'yan lakwal. Malamar makaranta ce, kuma a kwana biyun da ta yi wurin horon malamai abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai: wata mata ta nuna musu yadda ake jiƙa tsohuwar takarda a mai da ita sabuwa. Tun a hanya take ta murmushi ita kaɗai, har mai babur ya tambaye ta ko albishir aka yi mata.

A gidan goggonta Barira take zaune tun da aka turo ta aiki garin. Ta yayyaga kaye ɗin ta jiƙa a baho. Washegari da hantsi ta jawo turmi.

"Me za ki daka, 'yar nan?" in ji Goggo.

"Takarda, Goggo."

"A turmin furata?"

"Zan wanke miki shi tas."

Goggo ta jawo kujera ta zauna kallo. Dakan ya yi laushi kamar ƙullu, ya koma ruwan toka saboda tawadar rubutu. Nazifa ta dama shi a ruwa, ta tsoma rariya, ta ɗago, ta kife a kan tsohon zani. Abin da ya fito kaurinsa ya kai na waina. Na biyu ya fito da rami a tsakiya, har hannu na iya wucewa. Goggo ta yi ta dariya har ɗankwalinta ya zame.

"Karatu kin iya, rariya ce ba ki iya riƙewa ba. Miƙo nan."

Ta sa yatsa a ruwan, ta ce ƙullun yana saurin kwantawa. Ta shiga madafa ta fito da 'yar kuɓewa, ta murje ta a ciki har ruwan ya yi yauƙi. Sannan ta tsoma rariyar, ta girgiza ta gaba da baya yadda take tankaɗen gari shekara arba'in, ta ɗago a hankali. Da ta kife, sai ga abu siriri, sumul, har ana hango zanen zanin ta cikinsa.

Suka kalli juna. Nazifa ta yi tsalle ta rungume ta, hannuwanta duk ƙullu.

Daga nan babu wadda ta ƙara tuna girki. Goggo ce ma ta fara cewa ruwan toka ba launi ba ne. Suka raba ƙullun a ƙore huɗu, wannan aka zuba masa ruwan zoɓo, wancan gangamau, ɗaya lalle, ɗaya shuɗin wanki. Kafin azahar tsakar gida ta cika da faifayen takarda ja da rawaya da shuɗi, kaji na zagaye suna leƙe, Goggo na korar su da maburgi.

Sai dai rana ta yi musu sauri. Da la'asar takardun sun bushe ƙarau, sun nannaɗe, duk wadda Nazifa ta ɓamɓaro daga zani sai ta yage gida uku. Ta zauna a ƙasa tana kallon yagaggun takardun.

Goggo ta ɗauki wani yanki mai launin lalle, ta juya shi, ta sake juyawa.

"Wannan ai tozon Jar Kunne ne."

Jar Kunne ita ce saniyar maigidan, Baffa Lado, wadda yake ji da ita fiye da sauran garken. Nazifa ta duba, ta ga kuwa haka ne. Ta tashi da gudu ta samo kwalin sabulu, ta jiƙa ƙaro a ruwan ɗumi ya zama danƙo. Ta nuna wa Goggo yadda ake shafa shi da gashin kaza a bayan yanki, a manna, a ɗora wani a gefensa. Shuɗi ya zama sama, rawaya ta zama ƙasa. Goggo ta yi ƙahoni da ɓawon masara, ta tsinko zaren buhu ta yi wutsiya. Ƙafa ɗaya ta fi sauran tsawo, suka ce ai tafiya take yi, suka sake kwashewa da dariya.

A haka Baffa Lado ya shigo daga gona ya same su, babu tuwo, babu ko hayaƙi.

"Sannu da zuwa, Malam," in ji Goggo, tana ƙoƙarin ɓoye kwalin a bayanta.

Ya miƙa hannu. Ya daɗe yana kallo, fuskarsa a ɗaure.

"Wa ya yi wannan?"

"Mu ne, Baffa," in ji Nazifa.

"Jar Kunne ba haka ƙahonta yake ba. Na hagu ya ɗan karkata ƙasa. Kuma kun manta farin goshinta."

Ya jingine hauyarsa, ya naɗe riga, ya zauna a tabarma. Da manyan yatsunsa ya yi ta yagar farar takardar wani kaye da ya rage ƙanana-ƙanana, yana gwadawa yana cirewa, har ya sami wadda ta yi masa. Ƙaro ya manne masa a gemu, Goggo ta juya baya tana danne dariya da bakin zani.

Ran Litinin Nazifa ta so ta kai hoton lakwal ta nuna wa yara, Baffa ya ce sam, ya riga ya rataye shi a zaure. Ta tafi da yagaggun takardu da kwanon ƙaro, 'yan ajinta suka yi nasu. Da ta dawo ta tarar da dattawa uku a zauren, kowa da tsofaffin takardu a hannu. Ɗayansu, Malam Sirajo, ya taho da ragonsa a igiya, wai don kada a yi masa kuskuren kamanni.