Ranar da Direba Ya Yi Faɗa da Ubangiji

"Ka sauke wayar nan, ko in sauke maka ita!"

Dattijon ikilisiya ya tsaya da hannu a sama, murmushin da ya shirya wa hoto ya bushe masa a baki. Waɗanda suka rako shi suka ja da baya daga bakin gadon. Direba kuwa, ɗan majinyacin, wanda ya daka tsawar, daga tasha ya taho asibiti kai tsaye, warin man mota na bin rigarsa.

"Haba ɗana, zumunta muka zo yi. Hoton na sanarwar coci ne, don jama'a su san mun duba Baba."

"Kun duba shi? Tun yaushe yake kwance a nan? Mutumin da ya yi muku baftisma da hannunsa, ya ɗaura muku aure, ya binne iyayenku, sai yau kuka gane hanya? Addu'ar da kuka yi ma, kafin in ce amin har kun fito da waya."

Ƙanwarsa ta riƙo masa hannu. "Yaya, don Allah, asibiti ne fa."

"Su ma sun san asibiti ne, suka mai da shi gidan ɗaukar hoto."

Dattawan suka fita sum-sum. A bakin ƙofa babbansu ya waiwayo ya ce, "Ubangiji ya sanyaya maka zuciya."

"Taku ai ta riga ta yi sanyi, har ta daskare."

Ƙanwar ta ɗauki takardar magani ta fita tana share hawaye. Direba ya ja kujerar roba ya zauna.

Baba mai bishara ne. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan keke, daga wannan ƙauye zuwa wancan, 'ya'yansa sun fi sanin ƙeyarsa da fuskarsa. Ranar da mahaifiyarsu ta cika ma yana can wurin wa'azi. Yanzu ga shi ɓarin jiki ya shanye, tunani ya tafi, ko 'ya'yan cikinsa ba ya ganewa.

Shi kansa Direba bai taɓa fashin coci ba. Kowace Lahadi yana bencin baya kusa da ƙofa, baki na bin waƙa, zuciya na wurin birkin da ke kuka. Bai ce babu Allah ba. Gaisuwa ce kawai tsakaninsu, irin ta maƙwabtan da suka taɓa saɓawa.

Tsohon ya buɗe ido, ya dube shi da fara'ar da ake yi wa baƙo.

"Ɗan'uwa, daga coci ka zo?"

"Baba, ni ne fa."

"To madalla. Yi mana addu'a."

Direba ya yi dariyar da ba ta da daɗin ji. Ya miƙe tsaye, bai rufe ido ba, bai haɗa hannu ba. Ya ɗaga kai ya dubi silin, inda fanka ke juyawa da ƙyar.

"Addu'a ko? To, Ubangiji, ka ji ni da kyau, don yau ba zan yi maka kara ba. Ga bawanka nan. Dube shi! Ya ba ka ƙafafunsa, ka karɓa. Ya ba ka muryarsa, ka karɓa. Ya ba ka lokacin da yake namu ne, mu 'ya'yansa, ka karɓa ba ka ce ya isa ba. Uwarmu ta mutu tana kiran sunansa, shi yana can yana kiran naka. To ina sakamakon? Ko mai motar da nake ja wa, da duk rowarsa, in direbansa ya kwanta yakan leƙo. Kai fa? Ka bar masa sunanka a baki, ka goge nawa. Ko wannan ɗin ma sai ka yi kishi da ni?"

Mai jinyar gadon kusa ta ja labule. Wata nas ta leƙo ta ƙofa, ta wuce.

"Shekara da shekaru ina zuwa gidanka ina yi maka shiru, kai ma kana yi mini. Na gaji! In kana nan, ka fito mu yi ta ta ƙare. Ba na son rabi-rabi. Ko ka ɗauke ni gaba ɗaya kamar yadda ka ɗauke shi, ko ka sake ni in san na huta!"

Ya koma kan kujerar ya zauna. Sai a lokacin ya ji fuskarsa jiƙe sharkaf.

"Amin," in ji Baba, a hankali. "A cikin sunan Yesu, amin."

Tsohon ya lalubo hannunsa da hannun da ke motsi, ya damƙe.

"Ɗan'uwa, ka san shi kuwa. Sai wanda ya san shi yake yi masa magana haka. Ni ma na sha yi masa, a daji, ni kaɗai a kan keke." Ya numfasa. "Ina da ɗa, direba ne. Yaron kirki. Na cuce shi da yawa, ban zauna da shi ba. Yana zuwa coci, amma yadda fasinja ke zama a tasha, jira kawai yake a tashi. In ka gan shi, ka koya masa irin addu'arka."

Direba ya daɗe yana kallon yatsun da suka riƙe shi.

"Zan gaya masa, Baba."

"Ka yi alkawari?"

"Na yi."

Tsohon ya lumshe ido, barci ya ɗauke shi. Lokacin da ƙanwar ta dawo da ledar magani, sai ta tarar da yayanta a durƙushe a kan siminti, goshinsa a jikin ƙarfen gado. Ta tsaya cak. Ba ihu yake yi ba yanzu, amma ta ji abin da yake faɗa.

"Kada ka ɗauka mun shirya. Ban gama da kai ba. Gobe da sassafe, kafin in tayar da mota, zan dawo mu ci gaba."