Sabar da Ta Iya Gaisuwa

Hajiya Sanatu tana da ɗakin sanyi can bayan gari, hanyar Kumbungu, inda matan Fulani ke sauke mata madara kowace safiya. Ofishinta kuwa yana unguwar Sakasaka, cikin gari. A ɗakin akwai saba, wato kwamfutar da ba a kashewa, tana kan batir. A cikinta wata 'yar manhaja mai suna "sanyi" ce ke tayar da janareta idan an ɗauke wuta. In "sanyi" ta mutu, madarar ta tafi.

Don haka Hajiya ta ɗauko Abdul-Latif, mai gyaran kwamfuta daga Lamashegu, ya haɗa mata manhajar sa ido. Aikinta ɗaya ne: ta riƙa leƙa sabar daga nesa, ta duba jerin abubuwan da ke aiki, ta ga ko sunan "sanyi" na ciki. Abdul-Latif, sarkin iyayi, ya ce jar alama da koriya ba su dace da babbar mace ba. Ya sa allon kwamfutar ofishinta ya riƙa rubuta, "Lafiya lau, Hajiya."

Ai kuwa Hajiya ta samu abokin hira. Ta gaida allo da safe, ta gaida shi bayan la'asar, har ta fara yi wa 'ya'yanta gori da ladabinsa.

Ranar da shugabar wata makaranta za ta zo ɗanɗana madarar kafin ta amince a riƙa kai wa ɗalibanta, ranar aka wuni babu wuta.

"Latif, light ya tafi o," in ji Hajiya. "Computer ya ce lafiya, amma je ka duba da ido."

Ya hau babur yana mita. Tun daga bakin ƙofa tsami ya tare shi, janareta ko tari bai yi ba, ƙudaje sun riga shi zuwa. Ya buɗe jerin. "Sanyi" ta daɗe da mutuwa. Amma duk sanda manhajar sa ido ta zo tambaya, tambayar tata ma aiki ce, sai ta shiga jerin da kalmar "sanyi" a jikinta. Ta ga kalmar, ta koma ta ce lafiya. Wato ita ke yin sallama, ita ke amsa wa kanta. Abin da ya fi ba shi haushi, a iya saninta ba ƙarya take yi ba.

Wayarsa ta yi ƙara. Ya tsaya ya shirya bayani tiryan-tiryan, yadda zai fara da ban haƙuri ya ƙare da neman gafara.

"Latif, yaya madara?"

Bakinsa bai jira shi ba. "Lafiya lau, Hajiya."

"Alhamdulillahi, computer ma haka ya ce. Ɗebo kaɗan ka kawo, madam na makaranta ya iso, yana jira."