Kada Ki Juya Baya

A gida Doguwa ake ce mata, kuma tun bara take mafarkin tallan kayan sawa. Kamfanin da ta nemi aiki a wurinsa ya ce ta kawo hotuna goma. Yayarta tela ce, sai ta ara mata rigar da ta ɗinka wa kanta. Ga yayar da jiki, dole aka tattare bayan rigar da abin maƙale shanya har guda bakwai.

"Ko gobara ta tashi, kada ki juya baya," in ji yayar.

Aka rataya farin zanen gado a tsakar gida, mai hoto ya yi ta ɗauka. Can Mama ta ƙwala mata kira. Doguwa ta juya tana cewa "Na'am!" Shi kuwa ya ɗauka, ya cusa cikin sauran.

A ofis, shugabar kamfanin ta wuce hotuna tara, ta tsaya a kan wanda ya nuna bayan rigar. Doguwa ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Bakwai kacal?" matar ta ce tana dariya. "Ni da sha biyu na fara. Ki zo ranar Litinin."