Wa Ya Ga Gawar Jalo?

Ranar Talata da hantsi Indo dillaliya ta faɗo gidan su Zulaihat da ƙullin atamfofi a ka. Ko sallama ba ta ƙarasa ba ta ce, "Malama Zulaihat, matan Kabo sun riƙe littafinki."

Zulaihat ta ajiye jan biron da take duba jarrabawar 'yan Islamiyya da shi. Shekara biyu ke nan tana rubuta labari da hannu a littattafan makaranta, don kuɗin ɗab'i ya fi ƙarfin malamar da albashinta ba ya kai tsakiyar wata. Kowane kashi kwafi ɗaya ne tak. Indo ke cusa shi cikin kayanta, ta zaga da shi Gwarzo, Kara, Sabon Birni har Kabo, kowane gida kwana biyu. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a masu hayar littafi suka tura na soyayya ƙarƙashin tebur, amma nata ba wanda ya ɗaga wa gira, don yaƙi ne zalla a sararin samaniya. Kyaftin Hanatu na gadin madatsar ruwan duniyar wata, ɗan tawaye Jalo na kawo mata hari da baƙin jirginsa. A kashi na tara, na ƙarshe, Hanatu ta buɗe ƙofar jirgi, iska ta fizge Jalo ta yi waje da shi, ita kuma ta auri Badruddeen, likitan jirgin.

"Sun riƙe kamar yaya?"

"Kamar yadda kika ji. Hajiya Uwaliya ta ce ba mai sake karanta shi sai kin je da ƙafarki."

Wata huɗu Zulaihat ta yi a kan kashin nan, ba ta da wani kwafin, kuma wannan karon da Kabo Indo ta fara, ko matan Gwarzo ba su gan shi ba. Washegari ta nemi izinin maigida, ta yi awa guda a tasha kafin a sami motar da ke da mai.

Mata sun kai goma sha biyu a tsakar gidan Hajiya Uwaliya, dattijuwar da ke ɗaukar nauyin karatun a Kabo. Aka gaisa, aka tambayi gida da yara da hanya da gajiya, aka kawo fura. Littafin kuwa yana ƙarƙashin cinyar Hajiya, gefen bangonsa kawai ake gani.

"Malama," in ji Hajiya, "me yaron nan ya yi miki?"

"Wane yaro, Hajiya?"

"Jalo."

Zulaihat ta dubi fuskokinsu ko za ta ga mai dariya. Babu. "Hajiya, mugu ne fa. Ya fasa bututun ruwa, ya sace jirage uku, ya tsare Hanatu a kurkuku."

"Ya tsare ta, ya kuma hana kowa ɗaga mata murya," wata matashiya mai goyo ta cafe. Sauda ce, surukar gidan. "Shafi na arba'in, kashi na biyar. Ke kika rubuta."

"Don ya yi musayar fursuna da ita ne!"

"Haka ya ce. Ke kuma kika yarda?"

Matan suka kwashe da shewa. Zulaihat ce ta haifi mutumin nan da bironta, yau ana gaya mata ya yi mata ƙarya.

"To shi Badruddeen fa? Mai ladabi, mai ilimi, bai taɓa ɓata mata rai ba."

"Allurar barci," wata ta ce daga bakin murhu.

Sauda ta gyara goyonta. "Malama, kashi takwas Hanatu na magana, Badruddeen na cewa 'to, ranki ya daɗe' yana goge kwalaben magani. Ko sau ɗaya ya taɓa tuna abin da ta faɗa jiya? Shi kuwa Jalo, duk kalmar da ta furta a rediyon oba-oba sai ya haddace, ya juya ta, ya gano inda za ta ɓullo. Ya san tana taɓa kunnenta in za ta yi dabara. Ni shekarata shida a ɗakin ɗan Hajiya, na canza kitso sau nawa, har yau bai..."

"Ke, Sauda," in ji Hajiya.

"Yi haƙuri, Inna. Amma gaskiya ce."

"Kuma tsoronta yake ji," ta bakin murhu ta ƙara. "Namijin da ya san za ki iya kayar da shi, in ya ce yana so, ai ya gama ganin muninki ke nan. Ba abin da zai gano daga baya."

Ita dai Zulaihat ta sa Jalo ya haddace maganganun ne don yaƙin ya yi zafi.

Hajiya ta yi gyaran murya. "Ni duk wannan bai dame ni ba. Ke malama ce, 'yar malamai. A kashi na bakwai kin kulle Hanatu da Jalo a ƙaramin jirgin tsira, su biyu, kwana uku, ba muharrami. Ko ba a yi komai ba, me mutanen duniyar wata za su ce? Gyaran abin ɗaya ne, a ɗaura aure. Sai kika tashi kika jefar da yaro ta taga."

"Ta ƙofa, Hajiya. Kuma ya mutu. Babu iska a can, ba mai minti biyu da rai."

"Wa ya ga gawa?"

"Na'am?"

"Wa ya yi masa wanka? Wa ya sallace shi? Kawo min shaidu biyu."

"Ni na rubuta!"

"Ke ɗaya ce, kuma ba kya wurin." Hajiya ta zaro littafin ta buɗe shafin da ta naɗe. "Kin ce 'duhu ya haɗiye shi'. Wannan ɓata ne, ba mutuwa ba. Je ki tambayi mahaifinki hukuncin wanda ya ɓace."

Zulaihat ta karɓa ta karanta layin sau uku. Wallahi haka ta rubuta. Ta tuna ranar, ta so ta sa "ya mutu", hannunta ya rubuta wancan, ta bar shi don ya fi daɗin faɗa. Ko ba don haka ba ne? Yanzu kam ba za ta iya rantsuwa ba.

"To auren Badruddeen fa? An riga an ɗaura."

"Ba a tare ba," in ji Sauda da sauri. "Mun duba."

Hajiya ta miƙa hannu bayanta ta ɗauko sabon littafi fil, mai shafi tamanin, ta ɗora a kan na taran. "Tafi da naki, a kai wa matan Gwarzo su karanta. Wannan kuma na goma ne."

Zulaihat ta rungume su biyun. Ta zo karɓar ƙarshen labarinta, ga shi an ba ta, amma ya daina zama ƙarshe. Har ta kai zaure ta juyo.

"Hajiya, in ma ya dawo, Hanatu marainiya ce. Wa zai yi mata walicci a duniyar wata?"

"Sa ni a ciki," in ji Hajiya Uwaliya. "Ina da ƙane a Kara, shi zai bayar."