Takwarar Mama Talatu

Shekara biyar Klaudiya ta yi a ƙasar waje tana karatun dabbobi. Da ta dawo Jos a daminar 2006, ko akwatinta ba ta buɗe ba ta hau acaɓa zuwa kasuwar Farin Gada, wurin Mama Talatu mai kabeji. Talatu ce maƙwabciyar da ta goya ta bayan rasuwar mahaifiyarta, tun suna zaune gida ɗaya a Daɗin Kowa, kafin rikici ya raba musu unguwa.

Suka rungumi juna, suka sha kuka. Sai da Talatu ta tilasta mata cin masara gasassa, sannan Klaudiya ta zaro wani hoto daga jaka.

"Mama, ga takwararki."

Talatu ta goge hannu a zani, ta ƙura wa hoton ido. Wata 'yar halitta ce baƙa mai ɗigon ja, kwance kan ganye.

"Ƙadangare? Duk wahalar da na sha a kanki, ƙadangare kika sa wa sunana?"

"Salamanda ake ce mata, 'yar uwar kwaɗo ce. Babu irinta a ƙasarmu. Mu muka fara gano wannan, malamina ya ce in raɗa mata suna. Duk masanin da zai ambace ta, ko a wace ƙasa yake, sai ya ce Talatu."

Mata masu tumatir suka matso suna dariya. Talatu ta haɗe rai.

"A ina take zama?"

"Kan dutse ɗaya tak a duk duniya. Sanyi da hazo kamar Jos. In aka sauko da ita ba ta rayuwa." Klaudiya ta sassauta murya. "Ranar da na ɗaga wani ruɓaɓɓen kututture na same ta, ta naɗe jikinta a kan ƙwayayenta. Ta gan ni, ta ƙi gudu. Sai na zauna a cikin laka ina tuna ki."

Talatu ta shafa hoton da ɗan yatsa, a hankali.

"Kin mayar mata da kututturen yadda yake?"

"Na mayar, Mama."

"To, madalla." Ta share ido da bakin mayafi, ta juya ga matan. "Ku daina dariya, ku zo ku gaishe ta da kyau."