Marke da Ƙafar Hulda

Tushiyar kara ce ta soki Hulda a gonar dawa, kuma ba ta ji ba. Sai da muka dawo gida ta cire silifas ta ga jini ya bushe a ciki. Hulda matata ce, ta daɗe tana fama da ciwon suga. Na duba wajen, na ce ƙaramin abu ne, ta wanke da ruwan gishiri ta ɗaure da tsumma.

Ciwon bai rufe ba. Ya ci tafin ƙafar, ya kai yatsu, biyu suka yi baƙi. Muka kwanta asibiti a Kafanchan, aka yi ta allura, a bar wannan a kawo wancan. Ƙarshenta likita ya ja ni gefe. Ya ce ƙwayar cutar da ke cikin gyambon ba ta jin magungunan da suke da su, kuma ƙafar ta fara mutuwa daga ƙasa. Ya ce a yanke, ƙasa da gwiwa.

Na ce ba za a yanke ba. Ban yi masa ihu ba, na dai faɗa masa. Matar da ita ke shiga gaba in zumuntar mata sun tashi rawa a coci ranar Lahadi, ita za a mayar mai dogara sanda? Na ɗauko ta muka koma Fadan Kagoma.

A gida na koma wa itacen marke. Kowa a wajenmu ya san sassaƙensa: a dafa, a tace, a wanke ciwo da ruwan. Safe da yamma ni nake wanke mata da hannuna. Wari dai bai ragu ba. In 'yan zumunta suka zo addu'a, daga bakin ƙofa suke tsayawa su yi waƙarsu, kuma ban ga laifinsu ba.

'Yarmu ta fari, Selina, tana shekarar ƙarshe a makaranta, tana karatun ƙwayoyin nan da ido ba ya gani. Aikin gamawa da aka ba ta a kan itatuwan magani ne. Ta zo gida ta same ni ina tace ruwan.

"Baba, ka sassaƙo mini irin wannan, da yawa. Amma a inuwa za ka shanya, ban da rana."

"Rana ta yi miki laifi?"

"Tana rage masa ƙarfi."

"To ni da nake dafa shi a kan wuta fa, na kashe shi ke nan?"

"Ni ban ce ba. Shi ya sa za a gwada."

Kafin ta tafi ta fito da wani tsinke mai auduga a kai, ta goga a cikin gyambon uwarta, ta rufe a 'yar kwalba. Hulda ta ce, "Tsarabar da za ki kai wa malamanki ke nan?" Muka yi dariya mu uku.

Bayan wasu makonni ta kira ni a waya tana tambayar jikin Mama, sai bakinta ya suɓuce ta ce marke ya yi aiki. Ban jira sauran maganar ba. Na hau mashin sai makarantarsu.

Ɗakin gwajinsu warin asibiti yake yi, kwalabe ko'ina. Ta sa mini farar riga da ba ta rufe cikina ba, ta ce in zuba hannu a aljihu kada in taɓa komai. Ta fara nuna mini wani ruwa kalar makuba a cikin siririyar kwalba. Ta ɗiga ruwan marke a ciki, muka jira, ya koma ruwan ɗorawa. Ta ce ma'anarsa marke yana da abin da ke hana jiki yin tsatsa daga ciki, kamar yadda mai ke hana fartanya. Na ce to madalla, amma jikin uwarki ba tsatsa yake yi ba, ruɓewa yake yi, nuna mini ɗayan.

Ta kawo wani ɗan faranti mai murfi ta ɗaga shi wajen haske. Cikinsa duk ya yi yana, kamar saman kunun da ya huce. Ta ce wannan ƙwayar cutar ƙafar Mama ce, sun shuka ta, ta fito. Ta nuna mini wasu 'yan fararen takardu da ba su wuce ƙwayar magani girma ba, ta ce magungunan asibiti ke nan. Cutar ta tsiro har jikinsu, ba ko kunya. Sai ta nuna wani ɗan rami da suka zuba marke. Kewayensa fes, kamar an share da tsintsiya.

Ni ban yi nisa a firamare ba, amma in na ga inda ciyawa ta ƙi fitowa a gona, na san an yi mata wani abu.

"Ina kwalbar?" na ce.

"Wace kwalba?"

"Wadda kika zuba a ramin nan. Ba ni."

"Baba, ba zan ba ka ba."

"Ke, ni fa na sassaƙo shi."

"Da wani ruwa muka jiƙa shi, guba ne, ko shaƙarsa ba a so a yi. Kuma ko a jikin ɓera ba a gwada ba. Ba mu san nawa ne zai yi magani ba, nawa ne zai ƙona nama."

"Naman da ya riga ya ruɓe za ki ƙona?"

"A faranti cutar a fili take kwance, Baba, ba inda za ta ɓuya. A ƙafar Mama ta shige ciki. Ya kashe ta a faranti, iyakar abin da na sani ke nan."

"To yaushe za a san sauran?"

"Shekaru. In ma an samu wanda zai ci gaba."

Na faɗa mata maganganu a ɗakin nan, gaban abokan karatunta. Na ce karatun da zai nuna maka magani ya kuma hana ka shi, ba karatu ba ne. Ta tsaya riƙe da farantin, hawaye na zuba, ba ta da halin sharewa saboda safar robar da ke hannunta. Kwalbar dai ba ta ba ni ba. Hoton farantin ta tura mini a waya.

Da hoton na koma wajen likita, na tafi da Hulda. Na zaci zai yi mini dariya. Bai yi ba. Ya buɗa hoton da yatsu, ya daɗe yana kallo, ya ce yarinyar ta yi aiki mai kyau. Sannan ya kama hannuna ya ɗora a ƙafar Hulda mai lafiya, bayan idon sawu. Ya ce me na ji. Na ce wani abu yana bugawa. Ya mayar da hannun kan ɗaya ƙafar. Sanyi kamar jikin randa. Na danna, na canza wuri, na sake dannawa. Babu.

Ya ce jini ba ya kaiwa can. Ya ce ko maganin da ya fi marke ƙarfi ne, a sha ko a yi allura, hanyar da zai bi ta toshe. In kuma a sama aka zuba, cutar ta riga ta kai ƙashi. Ya ce yanzu ba maganar ƙafa kaɗai ake ba, abin yana hawowa.

Na ce mu tafi gida. Har na sunkuya na fara ɗaga ta.

"Baban Selina," in ji Hulda. Zazzaɓi ya cinye mata murya. "Ajiye ni."

"Za mu ƙara gwadawa. Ai kin ga hoton."

"Na gani. Hoto mai kyau. Ni ba faranti ba ce."

"Maman Selina, ki saurare ni."

"Kai in ka wanke sai ka tafi gona. Ni nake wuni da ita, ni nake kwana da ita. Abinci ma ba ya shiga saboda warin. Na gaji. Likita, ƙafar nan tawa ce ko tasa?"

Likita ya ce tata ce.

"To a cire."

Na ajiye ta. Taurin kan nan nawa da mutane ke yawan faɗa, na neme shi a wajen ban same shi ba.

Washegari aka shiga da ita ɗakin tiyata. Selina ta zo ta zauna a ƙarshen benci, ni a ɗaya ƙarshen. Can ta matso ta miƙo mini ruwan leda, na karɓa. Iyakar maganarmu ke nan.

Da aka gama, nas ta fito ta ce an yi lafiya, tana barci. Sai ta ce in biyo ta. Ta nuna mini wani abu nannaɗe da baƙar leda a cikin kwali, ta ce iyali ne ke tafiya da shi su binne. Ba wanda ya taɓa faɗa mini haka. Na ɗaure shi a bayan mashin da roba, yadda nake ɗaure buhun citta. Na yi ta tafiya a hankali ina kauce wa ramuka, ban san don me ba.

A gida na tsaya da diga a hannu. Maƙabartar coci ta matattu ce, Hulda kuwa tana da rai. Bayan gida kuma aladun maƙwabta suna tono. Na zaɓi gefen rumbu, na haƙa har ƙugu. Na ciro waya zan kira fasto, sai na rasa me zan ce masa ya zo ya yi. Na mayar da ita aljihu. Na saka, na rufe, na jera duwatsu a kai.

Da yamma na koma asibiti na tarar ta farka. Daga gwiwa zuwa ƙasa, gefe ɗaya, bargon ya kwanta a kan katifa. Ta kalle ni ta ce yatsunta suna mata ƙaiƙayi, na ƙafar da babu, in sosa mata. Na tsaya a bakin gadon da hannu a miƙe, ban san inda zan sa shi ba.