Waƙar Ya Kaka a Ƙofar Gidan Alhaji

"Umma, shi Alhaji Babba Bature ne?"

Ina ɗaura mata ɗankwali a ɗakin Hajiya, surukata, ta jefo mini wannan tambaya. Jannatu ke nan, 'yata ta fari, shekararta bakwai. Na leƙa bakin ƙofa na ga ba kowa, sannan na ce, "Wane irin Bature kuma? Kakanki ne, uban Abbanki. Kin taɓa ganin Bature da rawani?"

"To me ya sa mutane suke cire takalmi tun daga bakin titi, su tsuguna a rana, shi yana kan kujera a inuwa? Ai haka Ya Kaka ta ce Bature yake yi."

"Tsaya in gama ɗaurin nan. Maza ki je ki gaishe shi, in mun koma gida ma yi maganar."

A Babura muke zaune. Maigidana Mu'azzam yana aiki a sashen noma na ƙaramar hukuma, ni kuma ina ɗinki a gida. Ranar mun zo Kazaure ne gaisuwa, sai muka dace da manoman da ke riƙe da gonakin Alhaji a wajen Roni sun kawo amfanin kaka. Alhaji Sharfuddeen, uban Mu'azzam, Bafulatani ne, tsohon ma'aikaci, uba da kaka duk a hidimar masarauta suka tsufa, kuma ƙofar gidansa ba ta rabuwa da jama'a.

Ita kuwa Ya Kaka kakata ce, wadda ta haifi mahaifiyata. Mu Barebari ne, fataucin kanwa ya kawo kakanninmu Babura daga gabas. Mahaifinta, Malam Bunu, shi ya yi wata waƙa a zamanin Turawa, ranar da aka tara magidantan gari aka tsugunar da su tun hantsi har azahar suna jiran wani saurayin Bature da ya zo rangadi. Ba a takarda take ba, a kan Ya Kaka take. Kullum aka taso daga Islamiyya Jannatu can take wucewa, su baje gyaɗa a faranti suna ɓara, tsohuwa na rerawa yarinya na amshi.

Ina cikin zaure na biyu, zan miƙa wa Hajiya kwanon fura, na jiyo muryarta a waje.

"Ina wuni, Alhaji Babba."

Na leƙa ta jikin asabari. Tana tsaye ƙiƙam, da takalminta a ƙafa.

Alhaji ya yi murmushi. "A'a, amarya, yau ƙafafun ne ke ciwo?"

"Lafiyarsu ƙalau. Na daina durƙuso ne."

"Tun yaushe?"

Maimakon ta ba shi amsa, sai ta gyara tsayuwa irin ta 'yan makaranta, ta ɗaga murya:

Rana tana dukan kawunanmu,
Baƙo yana zaune a inuwarmu,
Mun tuɓe takalma a kan ƙasarmu,
Bai san ko ɗaya daga sunanmu.

Gobe na nan, za mu miƙe tsaye,
Ɗan mai doki da ɗan mai jaki a jere,
Inuwa ɗaya, tabarma ɗaya shimfiɗe,
Ranar nan durƙuson tsoro ya ƙare.

Wani dattijo cikin manoman ya sunkuyar da kai yana tarin da ba na mura ba. Alhaji ya ɗaga hannu kawai, ƙanin Mu'azzam ya kamo ta ya shigo da ita.

A tsakiyar mako Mu'azzam ya koma Kazaure shi kaɗai, kiran Alhaji. Da ya dawo ya zauna a bakin gado bai ko cire hula ba.

"Alhaji ya ce in an yi hutun makaranta a kai Jannatu. Hajiya za ta riƙe ta."

"Hutu za ta yi?"

"Riƙo na ce, Mas'uda. Can za ta ci gaba da karatu. Ya ce tarbiyyarta na neman gyara."

Na ajiye almakashi. "Kai me ka ce?"

"Me zan ce? Ni ma a hannun kakata na tashi, me ya same ni? Kuma kin sani, 'yar fari ce. Kika buɗe baki a kanta, har jikokinmu sai an ba su labarin rashin kunyarki."

Gaskiya ya faɗa. A wurinmu uwa ba ta nuna ɗan fari nata ne. Ba ta kiran sunansa a gaban manya, ba ta tare masa faɗa, in kakanni suka miƙo hannu sai ta kau da kai kamar ba ta gani ba. Ni ma haka aka koya mini, kuma ban raina ba. Amma ni na san yarinyar nan ba ta cin tuwo sai an raba mata miya gefe, na san in ta yi shiru da yawa zazzaɓi ne ke tafe. Na kuma san abin da za a fara cire mata a Kazaure. Za a hana ta waƙar, a hana ta tambaya, ta dawo mini da ladabi mai kyau da baki a ɗinke.

Washegari na kama hannunta muka tafi gidan Ya Kaka. Na zayyana mata komai. Tsohuwar nan ta yi dariya har ta riƙe ciki.

"A gaban Fulanin? Da takalmi? Kai, Bunu bai mutu ba!"

"Ya Kaka, 'yata za a ɗauke, ke kina dariya."

Ta share hawaye da gefen mayafi, ta jawo Jannatu. "Zo nan, ƙawata. Wa ya ce miki a daina gaida manya?"

"Waƙar ce ta ce."

"Mai waƙar ubana ne, na fi ki saninsa. Da furfurarsa da komai, in zai gaida tsohuwarsa sai ya kai ƙasa. A ƙofar malaminsa kuwa ko ana ruwa sai ya tuɓe takalmi. Wancan da ya yi wa waƙa baƙo ne, ya zo da bindiga da bulala, ya ci ƙasarmu, ya ce harshenmu ba na karatu ba ne, aka ce kowa ya durƙusa ko ya sha duka. Shi wannan tsohon naku ya taɓa dukanki?"

"A'a. Alawa yake ba ni."

"Wa ya yi miki huɗuba ranar da aka haife ki?"

"Shi."

"To kin gani. Wanda ya raɗa miki suna a kunne, ai ba ki haɗa shi da wanda bai san sunan kowa ba."

Jannatu ta ɗauki ɓawon gyaɗa tana murzawa. Can ta ce, "To su mutanen da suke rana fa?"

Ya Kaka ta dube ni ta taɓe baki. "Wannan kuma ga uwarki nan."

Na tsuguna daidai tsawonta. Ban iya yi wa yaro ƙarya ba, in ka yi masa sau ɗaya ya daina kawo maka tambaya. Na ce, "Abin da kika gani kin gani daidai, zama a rana ba daɗi, kuma su ma mutane ne kamar Alhaji. Amma yaro ba ya gyara babba a gaban jama'a. Kin kunyata shi, kuma ko mutum ɗaya ba ki shigar inuwa ba. Kin gane?"

Ta gyaɗa kai. "Zan ba shi haƙuri. Amma ba zan manta waƙar ba."

"Ba wanda ya ce ki manta."

Da za mu tafi Ya Kaka ta ce, "In kin je ki gaya masa Babarbare ne ya yi waƙar. In ya isa ya yi fushi, in ji." Tsakanin Barebari da Fulani akwai wasa tun na kakanni, duk abin da ɗaya ya gaya wa ɗaya sai dai a rama, ba a riƙo.

Ranar Asabar na ce wa Mu'azzam mu je Kazaure. Ya dube ni ya ce, "Ke za ki yi wa Alhaji magana?"

"Ni na isa? Da Hajiya zan yi."

Mun tarar da Alhaji a falonsa bayan la'asar, Hajiya na gefe tana yanka masa gwanda. Jannatu ta cire takalmi tun daga tsakar gida, ta durƙusa har ƙasa. "Alhaji Babba, ina wuni. Ka yi haƙuri da abin da na yi a gaban baƙinka."

"Yau ƙafafun sun warke ke nan," in ji shi, bai dube ta sosai ba.

Ni na zauna a bakin ƙofa, na ja mayafi na rufe rabin fuska. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa haɗa zance da shi ba bayan gaisuwa. Na fuskanci Hajiya, shi yana nan zaune tsakaninmu bai fi taku kaɗan ba.

"Hajiya, ina roƙon a gaya wa Alhaji, laifin yarinyar nan an nuna mata, ta kuma gane. Ina roƙon a bar mini Jannatu a hannuna."

Wuƙar Hajiya ta tsaya. Mu'azzam ya sunkuyar da kai kamar ƙasa ta tsage ya shige. Na kira sunan 'yar fari a gaban surukai, na kuma ce tawa ce.

Alhaji ya gyara zama, shi ma ya fuskanci Hajiya. "Ki gaya mata, a gidan nan ba a taɓa jin uwa ta yi jayayya a kan ɗan fari ba."

"A gaya wa Alhaji na sani, kuma da kunyata nake magana. Amma in na yi shiru yau, kunyar ba za ta tashi da yarinyar in ta yi zazzaɓi ba."

"Ki tambaye ta, mu ba mu iya riƙon yara ba ne? Mijin nata ba a gidan nan aka riƙe shi ba?"

"A gaya wa Alhaji ba a fi gidan nan iya riƙo ba. Duk dogon hutu ni da kaina zan kawo ta."

Hajiya ta ajiye farantin. "Oh ni Ummi Kulsum! Kun mai da ni tafinta, ga ku ga juna, kowa na jin kowa. In za ku biya ni ladan aiki ku faɗa."

Alhaji ya danne dariya da gyaran murya. "To ki ƙara gaya mata wannan. In yarinya za ta zauna a Babura, waƙar nan a daina ta. Gaba ɗaya."

Da na ce to, da an gama, in ɗauki 'yata mu tafi. Amma da bakina na ce mata ba wanda zai sa ta manta, ga ta nan kuma tana kallona.

"Hajiya, a gaya wa Alhaji, a ƙofar gidansa ba za a sake jin ta ba, na ɗauki wannan alkawari. Amma a ɗakina za a yi ta. Gadonta ne ta wajen uwa, kamar yadda take da gado ta wajen uba. Kakan mahaifiyata ne ya yi ta, Malam Bunu. Ya Kaka ma ta ce a gaya wa Alhaji Babarbare ne mai waƙar, wai in ya isa ya yi fushi."

"Ta ce haka?" Wannan karon bai bi ta kan Hajiya ba. "Tsohuwar nan mai kanwa? To dama! Ina ta mamakin inda jikata ta samo taurin kai, ashe jinin bayinmu ne ya motsa. Ku gaya mata ubangidanta ya ji, kuma yana jiran gaisuwar kaka, ko da kanwa ce ƙwarya ɗaya."

Ya juya kan Jannatu. "Ke kuma amarya, na fasa tarewar. Mace mai tsaya wa miji a ka, gara ta zauna gidansu. Amma ranar da na sake ganin ki tsaye a kaina da takalmi, ko uwarki ta zo da tafinta goma sai kin kwana a Kazaure."

"To, Alhaji Babba."

Sannan ya ce, kamar da kansa yake, "Mutanen nan kuwa ni ban ce su zauna a rana ba. Haka na taso na tarar." Ni ba wannan ya kawo ni ba, kuma na san iyakata.

A mota, da muka kusa Babura, Mu'azzam ya dube ni. Ya ce, "Kin san an gama da sunanki a dangi."

"Na sani. Su kira ni marar kunya, ina jin su ina yi mata kitso."

Haka kuwa aka yi. Har yau in na shiga taron gidansu akwai masu taɓa juna. Jannatu tana aji uku yanzu a nan Babura, tana gaida kowa a durƙushe, ta kuma haddace sauran baitocin da Ya Kaka ta ƙara mata. Manoman Roni suna nan suna tsugunawa a inda suka saba, kuma duk zuwanmu sai ta dube su ta dube ni. Na ce mata ta riƙe tambayar, ta yi karatu, akwai ranar da za ta isa yin ta da bakinta a saurare ta.

Ke mai karanta wannan, in kina da ɗa, ki ji ni da kyau. Duk waƙar 'yanci da ta shiga kunnen yaro, ba da Bature zai fara gwada ta ba, don bai taɓa ganinsa ba. Da mutanen gidanku zai gwada. Ranar da ya kawo miki tambaya, ki ajiye abin da ke hannunki ki ba shi amsa a take, kada ki ce sai an koma gida. In kuma aka miƙo hannu za a ɗauke shi saboda abin da ya faɗa, kada ki bari kunya ta rufe miki baki, don da hannunki za a sa ki haɗa masa kaya.